Riƙon Gurguwa

Har yau idan na ji mace ta buɗe baki ta ce wa dangin miji "ai naku ne," sai in ji kamar in tashi in toshe mata baki da tafin hannuna. Haka aka koya mana magana tun muna yara, wai ita ce kara, ita ce ladabi. Ni na yi wannan ladabin a kan wata zomanya, na kuma ga inda ya kai ni.

A Katagum aka haife ni, aure ya kawo ni Azare wajajen tsakiyar shekarun tamanin. Maigidana direba ne, motar ɗaukar kaya ta yayansa yake ja, yau yana Udubo ɗauko gero, gobe yana Shira ɗauko wake. Yayan nan shi ya riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, gidan da muke ciki ma nasa ne. Ɗaki biyu ya ba mu, sauran ya zuba 'yan haya. Saboda haka a wurinmu idan aka ce "Yaya ya ce," to magana ta ƙare. Ni kuwa a lokacin Allah bai ba ni haihuwa ba, yini nake daga ni sai rediyo sai keken ɗinki.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne, mutum ne mai son abin yayi. A shekarun da nama ya yi tsada, rediyo ya dami mutane da zancen kiwon zomaye, sai ga shi ya sa an ƙera masa dogon keji mai ƙafafu, ƙasansa ragar waya, wai don kashi ya riƙa zubowa ƙasa ba sai an share ba. Ya sayo fararen zomaye masu jan ido ya zuba. Duk baƙon da ya je gidan sai an kai shi ya gani, ko yana so ko ba ya so.

Wata rana da bazara na je gaida matarsa, Hajiya, ba ta jin daɗi. Zan fito ke nan sai na ga wani tsohon kwando a bakin ƙofa, ƙudaje sun rufe shi. Na ɗauka ruɓaɓɓen tumatir ne. Ina leƙawa sai na ga abu yana numfashi.

Zomanya ce, ko kuwa in ce abin da ya rage na zomanya. Kunnuwanta da hancinta sun yi ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya, gashin bayanta ya zube wuri-wuri. Da na juya ta sai da na ce wayyo. Ƙarƙashin ƙafafunta na baya babu gashi ko ɗaya, jan nama ne tsirara yana fitar da mugunya. Ba ta ko yi yunƙurin gudu ba, ido kawai ta zuba mini.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ke rabu da ita," in ji Hajiya daga ɗaki. "Alhaji ya ce a kai ta juji kada ta shafa wa sauran. Ko yankawa ba ta yi, wa zai ci wannan ƙazanta?"

Na ce, "Da ranta za a kai ta juji?"

Ta ce, "To in kina so ki ɗauka mana."

Na ɗauki kwandon na rufa masa gefen mayafina. A zaure na yi kiciɓis da Yaya yana shigowa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi kwandon ya yamutsa fuska.

"Amarya, me kika kinkimo haka?" Amarya yake ce mini har na tsufa a gidan.

To a nan ne fa. Ba a ce wa yayan miji "na ɗauki abinku." Ba a ce masa "na tsinci abin da kuka zubar," sai ka ce gori kike yi masa. Bakina da kansa ya nemo maganar da ta dace, na ce, "Zomanyar nan ce, Yaya. Na ce bari in riƙe muku ita."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "To riƙe mana, in kin ga za ki iya." Ya wuce abinsa yana toshe hanci.

A cikin 'yan hayar gidanmu akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga kudancin Bauchi, Sista muke ce mata. A garinsu sun saba kiwon zomo, ita ta fara duba mini ita. Ta ɗaga ƙafar ta duba, ta yi tsaki, ta ce waya ce ta ci ƙafar, zomo mai nauyi idan ya daɗe a kan raga haka yake yi. Na jikin kuma ƙazuwa ce. Ta ba ni 'yar kwalbar shuɗin maganin nan da ake shafa wa miki, ta ce in nemi farar wuta in daka in kwaɓa da manja in riƙa shafa wa ɓawon. Ta ce, "Amma kada ki sa rai, wannan ya riga ya yi nisa." Sista ba ta bambanta namiji da mace a Hausarta, kowace dabba "shi" ce a wurinta.

Na sa rai kuwa. Na sa aka ɗebo mini yashi na shimfiɗa a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, na ɗora buhun algarara, na kifa mata tsohon gidan sauro saboda ƙudaje. Safe da yamma sai in dafa ruwa da gishiri, in bar shi ya huce, in ɗora ta a cinya in wanke mikin. Wallahi wari ba a magana. Ita kuma ba ta san taimako nake yi ba, sai ta yi ta harbi da ƙafar da nake wankewa. Ga tabon farcenta nan a wuyan hannuna har yau. Na sha zaginta. Na ce mata 'yar banza, na ce mata butulu, ina zagi ina hura mata ƙafar.

Ɗaurin mikin shi ya fi ba ni wahala. Duk tsumman da na naɗa, kafin in juya ta warware shi da haƙori. Da na gaji sai na zauna a keke na ɗinka mata 'yan safa da ƙyallayen atamfar da ke ragowa, na cusa auduga a ƙasa, na yi musu igiya a sama. Ta cinye na farko, ta cinye na biyu, na ce ni da ke mu zuba, ƙyalle dai ba zai ƙare a ɗakin tela ba. Sai ga farar zomanya ta koma abin kallo, ƙafafu shuɗi, kunnuwa ja da manja, ga safar atamfa kowace da launinta. Matan gidan suka yi ta dariya, suka laƙa mata suna Gurguwa saboda yadda take jan gindi, sunan kuwa ya bi ta.

Maigidana da ya dawo daga tafiya ya tsaya ya kalle ta ya ce, "Ke, wannan zomo ne ko 'yar tsana?"

Na ce, "Majinyaciya ce, ka yi mata sannu."

Bai yi ba. Da ƙaiƙayi ya kama mini hannuwa, ƙuraje suka feso har gwiwar hannu, sai ya janye tabarmarsa gefe ya ce in na gama da ƙazuwata ma yi magana. Na shafa wa kaina manjan da nake shafa mata, ni da ita muka yi ta warin farar wuta tare.

Da farko ba ta cin komai. Na kawo dusa ta kau da kai, na kawo harawa ta kau da kai. Ganyen dankali ne ya karya ta. Na miƙa mata ɗaya a hannu ta shinshina, ta ja, ya shige bakinta a hankali har tsinken. Na yi zaune a ƙasa ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya kamar wata marar aikin yi, tuwona yana can yana kamawa.

Kafin ruwan farko ɓawon kunnuwa ya fara ɓantarewa, fata ja mai laushi ta fito a ƙarƙashi. Da damina ta zauna gashi ya tsiro. Ƙafafun ne suka ja lokaci, yau su kame gobe su tsage, har dai mikin ya tsuke ya zama tabo. Wata safiya ina shara sai na ga abu fari ya wuce fiu, ta yi tsalle sama ta murɗa jiki ta dira ta sake zabura. Na yar da tsintsiya na ƙwala wa Sista kira, ta fito da ɗaurin ƙirji a guje ta zaci gobara ce. Da ta gani ita ma ta kama dariya. Ta ɗaga ƙafar ta duba ta ce, "Ya warke. Amma fatar wurin ba ta da kauri, kada ya sake hawa waya har abada."

Na ce, "Waya kuma? A ina?"

Daga nan Gurguwa ta zama 'yar ɗaki. Da ta ji ƙarar keke sai ta shigo ta kwanta a kan ƙafata ta hagu, wadda ba na taka keken da ita, ta miƙe ƙafafu. Idan na yi mata ƙyas-ƙyas da harshe, duk inda take sai ta zo. Idan muzurun maƙwabta ya hau katanga sai ta buga ƙafa a ƙasa, dum, in fito da muciya. Ta ci mini igiyar rediyo, ta ci gefen tabarmar salla, ta ci zanen wata mata da aka kawo ɗinki sai da na yi ta ba da haƙuri. Duk da haka ba zan ɓoye ba, ina son dabbar nan. Gidan da nake yini ban yi magana da kowa ba sai ga shi ina yini ina surutu.

Bayan kaka Yaya ya zo duba rufin da 'yan haya suka ce yana yoyo. Ya shigo tsakar gida da kafinta, na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa na durƙusa gefe. Sai ga Gurguwa ta fito daga ɗakina, fara fat, ta yi ɓul-ɓul, ta zo ta tsaya tana shinshinar takalminsa.

"Kai! Amarya, ina kika samo wannan?"

Na ce, "Ita ce, Yaya. Ta kwandon nan."

"Ikon Allah!" Ya sunkuya ya kama ta ta kunnuwa ya ɗaga, tana ta harbin iska, yana jinjina nauyinta. Ni ban taɓa ɗaga ta ta kunne ba. "Lalle riƙo ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka. Kin ga nawa duk zafi ya kashe su, namiji ɗaya ya rage. Gobe a kawo mini ita su hayayyafa."

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ƙafarta ba ta son waya."

Ya sake yin dariyar nan tasa. "Zomo ne fa, amarya, ba jariri ba."

Kafinta ya yi dariya. Matan da ke leƙe ta labule suka yi tsit, don su sun san inda maganar ta sauka. Ban ce Yaya ya yi nufin ya soke ni ba. Bai ma san ya yi ba, wannan ya fi mini ciwo.

Da maigidana ya dawo da la'asar na tare shi tun bai cire hula ba. Na ce ya je ya gaya wa Yaya zomanyar nan tawa ce.

Ya ce, "Taki ta yaya? Ke da bakinki kika ce riƙe masa za ki yi. A gabana ya maimaita."

"Kara na yi masa!"

"To ya karɓi karar."

"Juji fa za a kai ta, Malam! Juji!"

"An kai ta?"

Ba a kai ta ba. Da na bari an jefar da ita na bi baya na tsinto, da babu mai cewa uffan. Saurin da na yi na ɗauke ta kafin rana ta kashe ta, da ladabin da na yi a zaure, su suka mayar da ita tasa. Na ce to ya roƙa mini, ya ce a bar mini ita, in ya so in ta haihu a wurina a kwashe 'ya'yan duka. Ya zauna ya cire takalmi ya ce, "Mutumin da ya riƙe ni tun ban san kaina ba, shi zan je in yi wa ciniki a kan zomo? Ki yi wa Allah ki bar maganar nan."

Washegari shi da kansa ya sa ta a kwali. Na haɗa masa da safa, da kwalbar shuɗin magani, da wani guntun katako da na goge, na ce a shimfiɗa mata a cikin kejin ta riƙa hutawa a kai. Ya karɓa bai dube ni ba. Da suka fita na shiga ɗaki na zauna gaban keke, na kasa takawa. Sista ta leƙo ta ce, "Ku Hausawa da maganarku! Abin da mutum ya zubar, ki ce masa nasa ne?" Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ita kaɗai na samu na huce a kanta, baiwar Allah.

Da na je gidan Yaya bayan 'yan kwanaki na zarce wajen kejin. Babu katako. Na tambayi Hajiya ta ce Alhaji ya ce kashi yana taruwa a kai, an cire. Na gan shi can an rufe bakin tulu da shi. Safa kuwa yara sun sa wa 'yar tsanarsu. Na yi ƙyas-ƙyas da harshe, Gurguwa ta taso ta manna hanci a raga. Tana tsaye tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, kamar mai taka ƙasa da tsakar rana ba takalmi.

Na yi magana. Na gaya wa Hajiya, na sake gaya mata, har ta fara ɗaure mini fuska. Na roƙi maigidana ya faɗa, ya ce zai faɗa, bai faɗa ba. Gurguwa ta haihu, aka yi ta murna, Yaya ya koma kai baƙi kallo. Ta sake haihuwa tun na farko ba su gama girma ba. Zuwan da na yi na ƙarshe na ga jini a kan wayar. Daga ranar, idan na je gidan a ɗakin Hajiya nake tsayawa, kuma ba na ƙyas-ƙyas ko da wasa, don kada ta ji ta taso.

Bazara ta zagayo. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce Yaya yana zaure yana kirana. Na yafa mayafi na fita. Yana tsaye cikin babbar riga, maigidana a gefensa, da maza biyu 'yan haya da suka tsaya gaisuwa. Ga kwali a ƙasa. Tun kafin in durƙusa na ji warin, na kuwa san shi.

Ya ce, "Amarya, na lura kina son dabbar nan. To na bar miki ita. Ba riƙo ba wannan karon, kyauta. Taki ce halak malak."

Mazan suka ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri, Alhaji."

Na ɗaga murfin kwalin. Ta rame har ƙasusuwan bayanta sun fito, ƙazuwar ta dawo ta rufe ido ɗaya. Ƙafafun kuwa ba miki ba ne kuma, rami ne, tsutsa tana motsi a ciki, ina hango farin ƙashi. Na buɗe baki zan yi magana. Na ɗaga kai sai na haɗa ido da maigidana, yana kallona kamar mai roƙo. Aka yi shiru ana jira, don kowa ya san abin da ake cewa idan babba ya yi kyauta.

Na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma."

Ya ce, "Ba komai, ba komai," ya kaɗa riga ya fita.

Sista ta duba ta, ta dafa mini kafaɗa ta koma ɗakinta. Duk da haka na dafa ruwan gishiri. Na tsince tsutsar da tsinke ɗaya bayan ɗaya, na shafa shuɗi, na ɗinka sabuwar safa. Wannan karon ba ta harbe ni ba, ba ta kuma taɓa safar da haƙori ba. Da ma ta cinye, da na ji daɗi. Na kwantar da ita a gindin randa, na miƙa mata ganyen dankali, ta ja rabi ta bari. Ba ta kai wata Juma'ar ba. Na haƙa rami a gindin zogalen tsakar gida na binne ta da safarta, maigidana yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran tocila, bai ɗago ba.

Da Babbar Salla muka je gidan Yaya gaisuwa, dangi sun cika tsakar gida. Hajiya tana ba wasu baƙi labarin kirkin Alhaji, har da cewa zomanya sukutum ya ɗauka ya ba ni. Na durƙusa na gaishe shi. A bayansa ga kejin nan cike da 'ya'yan Gurguwa, farare tas, suna tsaye a kan waya.

Ya ce, "Amarya, ina zomanyarki?"

Na ce, "Ta mutu, Yaya."

"Assha!" Ya girgiza kai ya dubi mutane. "Daga hannuna dai da ranta ta fita."

Aka gyaɗa kai. Ni kuma ina durƙushe, na ce, "Haka ne, Yaya."